Yaron da ya shiga soja yana ɗan 15: rayuwar ƙaramin soja a yaƙin 'yancin Amurka

Tambaya: Malam, a makaranta an koya mana cewa manoma ne suka ajiye garma suka ɗauki bindiga suka kori sojojin Ingila daga Amurka. Haka ne kuwa? Yaya rayuwar ƙaramin soja take a wancan yaƙi, me yake ci, nawa ake biyansa, kuma me ya samu bayan an ci nasara?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da aka koya muku yana da ƙanshin gaskiya, amma ƙanshin bai kai shekara biyu ba. Ranar 19 ga Afrilu 1775, da aka fara musayar wuta a Lexington da Concord, lallai manoma da masu sana'a ne suka fito da bindigoginsu na gida. To amma manomi yana da gona, kuma gona ba ta jira. In shuka ko girbi ya zo, sai ya saɓa bindigarsa ya kama hanyar gida, janar ya so ko ya ƙi. Shi kuwa yaƙin shekara takwas ya ci, daga 1775 zuwa 1783. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma da miyar ta ƙare, waɗanda aka tarar a bakin akushi wasu mutane ne daban: samarin da ba su da gonar kansu, 'yan ƙodago, baƙin da ba su daɗe da sauka daga jirgin ruwa ba, bayi da 'yantattun bayi. Su ne suka sa hannu kan shekara uku, ko kan "har yaƙi ya ƙare", su ne kuma rundunar da Joj Washinton, babban kwamandan sojojin Amurka, ya dogara da ita.

Maimakon in yi ta zuba maka lissafi, bari mu bi sawun mutum ɗaya. Sunansa Joseph Plumb Martin. Na zaɓe shi ne saboda bayan ya tsufa ya zauna ya rubuta abin da ya gani, aka buga a garin Hallowell a 1830, ba tare da sunansa a jikin littafin ba. Janar-janar sun bar wasiƙu tuli, amma ƙaramin sojan da ya ga yaƙin kusan daga farko har ƙarshe, kuma ya rubuta shi daki-daki, da wuya ka sami na biyunsa. Masana tarihi sun auna maganarsa da rajistar sojoji da wasiƙun hafsoshi, galibi kuma ta zo daidai, duk da cewa dattijo ne yake tuno abin da ya faru shekara 50 baya, ga shi kuma da zolaya da baƙar magana.

An haife shi ranar 21 ga Nuwamba 1760 a Becket, cikin yankin Masacusat. In kana son ka gane zamanin, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya girme shi da shekara shida ne kacal. Mahaifinsa limamin coci ne da ya yi karatu a kwalejin Yale, amma hannunsa bai cika ba, don haka yaron yana ɗan shekara bakwai aka kai shi riƙo wajen kakanninsa na wajen uwa a Milford, yankin Konetikat, ya tashi yana yi musu aikin gona. A tsakiyar 1776, yana da shekara 15, ya sa hannu zai yi aikin soja na wata shida. Shi da kansa bai yi da'awar cewa kishin ƙasa ne ya ja shi ba. Sa'o'insa ya gani suna tafiya, ya ji kunyar a bar shi a gida, yana kuma son ya dawo a riƙa nuna shi ana cewa ga wanda ya je yaƙi. Wata shida ya zaɓa don ya ɗanɗana tukuna kafin ya cika baki.

Ɗanɗanon bai yi daɗi ba. An kai su Niyok daidai lokacin da Ingila ta sauke runduna ta fiye da mutum 30,000, har da sojojin haya daga ƙasar Jamus. Ranar 27 ga Agusta aka gwabza a Long Island, aka fatattaki Amurkawa, kuma Martin ya ga sojojin Maryland suna nutsewa a cikin fadama wajen gudun tsira. Dare da hazo ne suka ceci rundunar, aka tsallakar da ita kogi a cikin kwale-kwale ba tare da abokan gaba sun farga ba. Ranar 15 ga Satumba kuma yana kwance a wani ɗan rami a gaɓar Kip's Bay, jiragen yaƙin Ingila biyar suka buɗe musu wuta da igwa. Shi da 'yan'uwansa suka ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Wannan gudun ne ya sa Washinton ya fusata har ya rasa inda zai sa kansa. Bayan an sake karawa a White Plains a ƙarshen Oktoba, wa'adin Martin ya cika a Disamba, ya koma gida. Shi ya sa ba ya cikin waɗanda suka tsallaka kogin Delaware suka kai harin Trenton ranar 26 ga Disamba.

Wannan shi ne ciwon kan Washinton a shekarun farko: soja yana fara sanin kan aiki, wa'adinsa yana cika. Saboda haka a Satumba 1776 Majalisa, wato taron wakilan jihohin Amurka, ta yanke cewa a kafa runduna ta dindindin, ta kuma sa tukwici: duk wanda ya yarda ya zauna har ƙarshen yaƙi za a ba shi dala 20 a hannu da gona eka 100 in an gama. Albashi kuwa dala 6 da sulusi biyu a wata, da kayan sawa a kowace shekara. Aka ɗora wa kowane gari adadin mutanen da zai kawo. A garin su Martin an raba magidanta rukuni-rukuni, kowane rukuni ya fitar da mutum ɗaya, ko daga cikinsu ko su yi karo-karo su ɗauki hayar wani. Ka san wanda za a ɗauka haya ba ɗan mai hali ba ne. A Afrilu 1777 wani rukuni ya biya Martin ya tafi a madadinsu, ya shiga runduna ta 8 ta Konetikat yana ɗan 16. Bai sake zama farar hula ba sai bayan shekara shida.

Cikin abubuwan farko da aka yi masa akwai sa masa cutar agana da gangan. Ba kuskure na yi ba. A wancan zamani ba a gano allurar rigakafi ba tukuna, don haka sai a ɗan tsaga fatar mutum a shafa masa ruwan ƙurjin mai agana, ya yi 'yar jinya mai sauƙi, daga nan cutar ba ta sake kama shi. Agana ta riga ta lalata rundunar da aka tura Kanada a 1776, shi ya sa a farkon 1777 Washinton ya ba da umarnin a yi wa sojoji wannan tsaga. Abin da ba kowa ya sani ba, mutanen Boston sun fara jin labarin dabarar ne daga bakin wani bawa ɗan Afirka da ake kira Onesimus, wanda ya gaya wa ubangidansa Cotton Mather cewa haka ake yi a ƙasarsu, aka kuma gwada ta a annobar 1721. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin cuta ta fi harsashi kisa nesa ba kusa ba. Cikin kimanin sojojin Amurka 25,000 da ake ƙiyasin sun mutu a yaƙin, waɗanda suka faɗi a fagen daga ba su kai 7,000 ba. Sauran zazzaɓi da atuni da agana ne suka ɗauke su, ko a sansani ko a cikin tsofaffin jiragen ruwan da Ingila ta mayar kurkuku a gaɓar Niyok.

Makamin da ke hannunsa kuwa, in ka taɓa ganin bindigar toka ta maharbanmu, to ka ga 'yar'uwarta. Ta baki ake ɗura mata albarushi da dalma, a danna da sanda, dutse ya ƙyasta wuta. Gwani yakan yi harbi uku a minti ɗaya, kuma in abu ya wuce taku ɗari, samunsa sai sa'a. In aka yi ruwa albarushi ya jiƙe, bindiga ta zama kulki. Wannan ne dalilin da ya sa suke jeruwa kafaɗa da kafaɗa su yi harbi lokaci guda, abin da mai kallon fim a yau yake ɗauka wauta ce. Ba wauta ba ce. Harbi ɗari a tare shi ke yin tasiri, kuma mutanen da suka watse ba sa iya tare dawakai ko masu zuwa da wuƙar bakin bindiga. Tsayuwa a sahu ana faɗuwa a damanka da hagunka ba jarumta kaɗai take so ba, sai an horu, kuma horo shi ne abin da mayaƙin sa-kai na wata uku ba ya da shi.

Yanzu mu zo kan abinci, inda nake son in daɗe, domin in ka karanta Martin za ka ga cewa babban abokin gabansa ba Bature mai jar riga ba ne, yunwa ce. A takarda, Majalisa ta ware wa kowane soja laba ɗaya ta nama da laba ɗaya ta burodi ko fulawa a kullum, da wake, da madara, da ɗan abin sha. A zahiri kuwa, ranar da aka sami nama babu fulawa, ranar da aka sami fulawa babu gishiri, kuma sau da yawa babu ko ɗaya. In an sami fulawar sai a kwaɓa da ruwa a manna a kan dutse mai zafi, waje ya ƙone ciki ɗanye. Kada ka ɗauka fari aka yi ko ƙasar ba ta da abinci. Rumbuna cike suke. Matsalar ita ce Majalisa ba ta da ikon karɓar haraji, sai dai ta roƙi jihohi, ta kuma yi ta buga kuɗin takarda ba tare da zinariya ko azurfa a bayansu ba. Manomin Pensilbaniya yana ganin sojan Ingila a Filadalfiya zai biya shi da tsabar zinariya, sojan ƙasarsa kuma zai miƙa masa takarda, sai ya san inda zai kai shanunsa. Ga ƙarancin amalanke da dawakai, ga hanyoyi da ke zama taɓo.

A kakar 1777 Martin ya yi yaƙin Germantown ranar 4 ga Oktoba, daga nan aka tura su tungar Mifflin, a kan wani tsibirin laka cikin kogin Delaware, don su hana jiragen Ingila kai kaya Filadalfiya. Daga 10 zuwa 15 ga Nuwamba aka yi musu ruwan igwa ba dare ba rana. Babu wurin kwanciya sai taɓo, wanda ya shiga ɗaki don ya runtsa yana iya rasa ransa. Suna da babbar igwa guda da ba ta da harsashi, sai hafsoshi suka sa ladan ɗan kofin barasa ga duk wanda ya tsinto dunƙulen da abokan gaba suka harbo, a ɗura a mayar musu da kayansu. Da dare suke gyara abin da aka rushe da rana. Sai da wurin ya zama kufai sannan suka tsallaka kogi cikin duhu. Abin da ya ƙona wa Martin rai har tsufansa shi ne ba a cika ambaton wannan tsayuwa ba, kuma a ganinsa dalili shi ne babu wani babban janar a wurin da za a jingina wa yabon.

Wata guda bayan haka, Majalisa ta ayyana 18 ga Disamba a matsayin ranar godiya ga Allah saboda nasarar da Amurkawa suka samu a kan sojojin Ingila a Saratoga. Sojoji sun kwana biyu ba su ci wani abin kirki ba, sai aka raba musu kayan shagali: shinkafar da ba ta wuce cokali huɗu ba, da cokali ɗaya na ruwan khal, sannan aka jera su su saurari wa'azi. Washegari suka shiga Valley Forge, inda rundunar za ta yi sansanin hunturu, mutum wajen 12,000, da yawansu babu takalmi, har ana iya bin sawunsu da jinin ƙafa a kan ƙasar da ta daskare. Martin ya ɗinka wa kansa wani abu mai kama da takalmi da ɗanyar fatar saniya, tana goge masa idon sawu. Daren da suka isa, ƙishirwa ta sa ya ba da 'yan kwabban da suka rage masa don a ba shi kurɓin ruwa, kuma abin da ya ci cikin kwana biyu shi ne rabin ƙaramar kabewa da ya gasa a kan dutse.

Sai dai ga abin dariya. Valley Forge, wadda Amurkawa suka mayar alamar wahala, inda kusan mutum 2,000 suka mutu, ita ce hunturun da Martin ya fi ƙoshi. An zaɓe shi cikin ayarin da ke bin ƙauyuka suna karɓo hatsi da dabbobi daga manoma, a ba su takardar alƙawarin biya. Shi kansa ya san cewa tsakanin wannan aiki da ƙwace, tazarar ba ta da yawa. Da ya dawo sansani sai ya tarar wani hafsa daga ƙasar Furushiya, Baron von Steuben, wanda ya iso a Fabrairu 1778, yana ta koya wa sojoji fareti da sarrafa wuƙar bindiga da tsabtar sansani. Amfanin horon ya fito a Monmouth ranar 28 ga Yuni 1778, cikin zafin da ya kashe mutane ba tare da harsashi ya taɓa su ba, inda suka tsaya ƙyam gaban sojojin Ingila har dare ya raba. A wannan shekarar ce kuma Faransa ta shiga yaƙin a ɓangarensu.

Hunturun da ya fi kowanne muni shi ne na 1779 zuwa 1780 a Morristown, jihar New Jersey. Dusar ƙanƙara ta toshe hanyoyi, har mashigin ruwan Niyok ya daskare. Martin ya ce ya yi kwana huɗu bai sa komai a baki ba sai ɓawon itace da ya gaigaya, ya ga mutane suna gasa tsofaffin takalmansu suna ci, aka kuma ba shi labarin hafsoshin da suka yanka ɗan karen da suke ƙauna. A lokacin kuɗin takarda sun zube, har a Maris 1780 Majalisa da kanta ta amince cewa dala 40 ta takarda ita ce dala ɗaya ta azurfa. Ka lissafa albashin wata na dala 6 da sulusi biyu a kan haka, ka ga ko zai sayi abincin yini, in ma an biya.

Ranar 25 ga Mayu 1780 tura ta kai bango. Runduna biyu ta Konetikat, har da su Martin, suka fito da makamansu bayan faretin yamma, suka ƙi bin umarni, suka ce ko a ba su abinci ko su je su nema da kansu. A cikin hayaniyar aka soki wani kanar, Meigs, da wuƙar bindiga. Aka kawo sojojin Pensilbaniya su kewaye su, amma da waɗannan suka ji dalilin boren sai tausayinsu ya koma wajen masu boren, dole aka janye su. Lallashi ne ya kwantar da ƙurar, bayan 'yan kwanaki kuma sai ga shanu sun iso. A Janairu 1781 sojojin Pensilbaniya suka yi nasu boren wanda ya fi wannan girma, aka zauna aka sasanta da su. Da na New Jersey suka kwaikwaya, Washinton ya sa aka kewaye su, aka harbe biyu daga cikin jagororinsu.

Za ka ce to me ya hana su guduwa? Da yawa sun gudu. Masana na ƙiyasin kusan ɗaya cikin biyar, duk da cewa hukuncin yana iya kaiwa bulala 100 ko ma kisa. Waɗanda suka zauna, a fahimtata, abu uku ne ya riƙe su, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Akwai tsoron hukunci. Akwai bashin da suke bin gwamnati, wanda in ka gudu ka yafe shi ke nan, da albashin da gonar duka. Amma wanda ya fi ƙarfi shi ne zumuncin da ya ƙullu tsakanin mutanen da suke ci a tukunya ɗaya, suke raba bargo ɗaya shekara da shekaru, tare da wani irin taurin kai na cewa bayan duk wannan wahala ba za a ce da su aka faɗi ba. Ka lura cewa masu boren ba su koma wajen Ingila ba. Sojojin Pensilbaniya ma da aka aiko musu 'yan saƙo daga ɓangaren Ingila da tayin kuɗi da afuwa, kama su suka yi, daga baya aka rataye su. Kishin ƙasar da Martin bai tafi da shi ba yana ɗan 15, a cikin yunwar ya same shi, kuma kishi ne mai haɗe da fushi.

A 1780 aka mayar da shi sabuwar rundunar mahaƙa, masu haƙa ramukan yaƙi da gina ganuwa da share hanya, aka ba shi saje. Da wannan muƙami ya tafi Bajiniya a 1781, lokacin da Washinton da janar na Faransa Rochambeau suka yi wa janar na Ingila Cornwallis ƙawanya a Yorktown, jiragen ruwan Faransa kuma suka toshe masa teku. A kan hanya aka biya su albashin wata ɗaya da tsabar kuɗi da aka ranto daga Faransawa. Martin ya ce tun 1776 bai karɓi albashin da za a kira kuɗi ba sai ranar, kuma bai sake ba har aka sallame su.

A Yorktown aikinsu ne ya ci yaƙin, diga da shebur. Cikin dare da ruwan sama suka shimfiɗa siraran katako don nuna layin da za a haƙa, washegari da dare dubban sojoji suka haƙa rami suka tashi ganuwa, gari ya waye Turawan Ingila suka ga abin da ya tsiro a gabansu. Daren 14 ga Oktoba aka kai hari kan wasu tungaye biyu da suka tare hanya. Faransawa suka ɗauki ɗaya, Amurkawa 400 ƙarƙashin Alexander Hamilton suka ɗauki ɗaya, bindigoginsu babu harsashi don kada wani ya yi harbi ya tona asiri. Su Martin ne a gaba da gatari, aikinsu sare shingen itatuwa masu tsini da aka kewaye tungar da su, ana harbinsu daga sama. Cikin 'yan mintoci aka gama. Ranar 19 ga Oktoba 1781 sojojin Cornwallis wajen 8,000 suka ajiye makamai.

Akwai abin da Martin ya gani a dajin Yorktown da bai kamata a tsallake ba. Bayi da yawa sun gudu daga gonakin iyayengijinsu sun fake wajen sojojin Ingila, saboda tun 1775 Ingila ta yi shelar 'yanta bawan ɗan tawaye da ya zo gare ta. Da abinci ya yi ƙaranci, Cornwallis ya kore su waje, da yawansu ɗauke da agana, suna mutuwa a cikin daji. Bayan nasara kuma masu bayi suka zo suna biyan sojoji lada su kamo musu waɗanda suka rayu. Sojojin 'yanci ke nan. A ɗaya ɓangaren, kimanin baƙaƙen fata 5,000 sun yi yaƙi a rundunar Amurka. Cikin waɗanda suka bi Ingila kuwa, an kwashe wajen 3,000 daga Niyok zuwa Nova Scotia a 1783, kuma kusan 1,200 daga cikinsu ne suka tsallako teku a 1792 suka kafa birnin Firitawun na Saliyo.

To, me ya samu? A Yuni 1783 aka sallame su. Martin ya ce ranar da suka yi shekaru suna mafarki ta zo musu da baƙin ciki, domin rabuwa ce da mutanen da suka zama dangi, ga aljihu wayam. A maimakon albashin shekaru aka ba su takardun bashi, gwamnati za ta biya wata rana. Wanda ba shi da rigar kirki ko kuɗin guzuri ba ya iya jiran wata rana, don haka akasarinsu, har da shi, suka sayar wa dillalai takardun a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A 1790 Hamilton, wanda suka sare wa shinge a Yorktown, yana ministan kuɗi, ya kawo tsarin biyan takardun a kan cikakken darajarsu, amma ga wanda takardar ke hannunsa a lokacin. Ɗan Majalisa James Madison ya nemi a ware wani kaso ga sojojin da aka fara bai wa, aka kayar da shi a Majalisa. Hujjar Hamilton ita ce in gwamnati ta fara bambanta masu riƙe da takardunta, ba wanda zai sake ba ta rance, kuma ta fuskar tattalin arziki yana da gaskiya. Amma sakamakon shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Hafsoshi, su da suke da bakin magana, tun a Maris 1783 sun samo wa kansu alƙawarin cikakken albashin shekara biyar. Gonar eka 100 kuwa sai a 1796 aka keɓe filinta, can a dajin Ohio, inda talaka ba shi da abin da zai kai kansa, nan ma dillalai suka saye haƙƙin da yawa.

Martin ya ɗan koyar a wata makarantar ƙauye a jihar Niyok, sannan ya tafi Maine, wadda a lokacin ɓangare ce ta Masacusat, saboda ya ji ana samun fili. Ya sare daji kusa da bakin kogin Penobscot, a garin Prospect, ya auri Lucy Clewley a 1794. Sai ga mai fili ya bayyana, kuma ba kowa ba ne illa Janar Henry Knox, shugaban rundunar igwa a yaƙin da suka yi tare, ministan yaƙi na farko a gwamnatin Washinton. Knox ya mallaki fili na fiye da eka 500,000 a yankin, tushensa gadon dangin matarsa. A 1797 aka yanke cewa Martin ya biya dala 170 kafin gonarsa ta eka 100 ta zama tasa. Bai iya biya ba. Ya rubuta wa Knox wasiƙa yana roƙon a ƙara masa lokaci, a ƙarshe dai gonar ta suɓuce masa.

Sai a 1818, shekara 35 bayan gama yaƙi, Majalisa ta yi dokar fansho ga tsofaffin sojojin da suka yi aƙalla wata tara kuma suke cikin talauci: dala 8 a wata ga ƙaramin soja, dala 20 ga hafsa. Sharaɗin shi ne ka je gaban alƙali ka rantse cewa ba ka da komai. Martin ya je yana da shekara 57, da mata mai jinya da 'ya'ya biyar, aka sa masa dala 96 a shekara. Masu nema suka yi yawa fiye da zato, mutane suka fara gunaguni cewa ana ciyar da malalata, har a 1820 aka ƙara doka cewa sai kowa ya kawo jerin duk abin da ya mallaka. Wannan gunaguni yana cikin abin da ya tunzura shi ya ɗauki alƙalami. Sai a 1832 aka cire sharaɗin talauci, lokacin da yawancinsu sun riga sun kwanta dama.

Mutanen garinsu dai sun san darajarsa, domin sun riƙe shi magatakardan gari fiye da shekara 20. Littafin bai yi kasuwa ba a zamaninsa, ya ɓace daga idon jama'a sama da shekara 100, sai a 1962 aka sake buga shi. Ya rasu ranar 2 ga Mayu 1850 yana da shekara 89, aka binne shi a maƙabartar Sandy Point, kusa da kogin da ya sare daji a bakinsa.